Yawon Teku Ta Hannun Wani Kamfani A Kaduna: Kuɗin Da Ake Tallatawa Da Kuɗin Da Ake Biya

Kamfanonin shirya tafiye-tafiye na Kaduna, waɗanda aka fi saninsu da jigilar masu Umara da sayar da tikitin jirgin sama, sun ƙara wata haja a allunansu cikin 'yan shekarun nan, wato hutun mako guda a cikin manyan jiragen ruwan shaƙatawa da ke zagaya biranen gaɓar teku. Duk wanda ya bi ta titin Ahmadu Bello ko titin Ali Akilu zai iya ganin hoton farin jirgi mai hawa-hawa a jikin gilashin wasu ofisoshi, an rubuta farashi da dala a ƙarƙashinsa, farashin da ke sa mai wucewa ya rage tafiya ya sake dubawa. Wannan sharhi ya shafi ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni, wanda ni da maiɗakina muka bi ta hannunsa zuwa yammacin Bahar Rum, inda jirgi ya taso da mu daga Basalona ya bi ta Marseille da Jenowa da tashar Civitavecchia da ke kusa da birnin Rum, sannan ya dawo da mu inda ya ɗauke mu. Hukuncina a kansa gauraye ne. A ɓangaren takardun biza da tsarin biyan kuɗi kashi-kashi, ma'aikatansa sun san aikinsu ƙwarai. A ɓangaren faɗa wa mutum abin da tafiyar za ta ci masa daga ƙofar gidansa zuwa dawowarsa, aikin nasu yana da rauni, kuma a wannan zamani da farashi ke hauhawa, nan ne aikin ejan yake.

Kafin a ɗora wa kamfanin laifin tsada, ya kamata a raba abin da ke wuyansa da abin da ya fi ƙarfinsa. A watan Maris na 2020 harkar jiragen shaƙatawa ta tsaya cak a duniya, bayan abin da ya faru da jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan, inda mutum fiye da 700 suka kamu da korona, da kuma umarnin hana tashi da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayar. Jirage suka yi wata da watanni a ɗaure babu fasinja, alhali ana biyan kuɗin kula da su, sai manyan kamfanonin suka ci bashi don su rayu. Bashin kamfanin Carnival kaɗai ya haura dala biliyan 30. Da aka sake buɗe harkar, jama'a suka dawo fiye da yadda aka zata: alƙaluman ƙungiyar kamfanonin jiragen shaƙatawa ta duniya, CLIA, sun nuna fasinjoji miliyan 29.7 a 2019, miliyan 31.7 a 2023, sannan miliyan 34.6 a 2024. Kamfanin da ke da bashi a kansa, ga kuma masu saye suna rububin ɗakunansa tun shekara guda kafin tashi, ba shi da dalilin rage farashi. Sababbin jiragen ma, irin Icon of the Seas da kamfanin Royal Caribbean ya ƙaddamar a Miami a watan Janairun 2024, wanda ke iya ɗaukar fasinja har 7,600, ana sayar da ɗakunansu da tsada fiye da na tsofaffin jirage, kuma wannan tsadar tana jan sauran kasuwar zuwa sama.

Gwamnatoci su ma sun shigo da nasu. Tun daga Janairun 2024 Tarayyar Turai ta sanya jiragen ruwa cikin tsarinta na biyan kuɗin hayaƙin da ake fitarwa, inda aka fara da kashi 40 cikin 100 na hayaƙin shekarar 2024, aka koma kashi 70 a 2025, sannan gaba ɗaya daga 2026. Girka ta fara karɓar haraji a kan kowane fasinjan da ya sauka a tsibiranta a 2025, har Yuro 20 a Santorini da Mykonos lokacin cunkoson masu yawon buɗe ido. Meziko ta fara karɓar dala 5 a watan Yulin 2025, da shirin ƙarawa a hankali. Hare-haren 'yan Houthi a Bahar Maliya, waɗanda suka soma a ƙarshen 2023, sun tilasta wa jirage da dama zagayawa ta ƙasan Afirka maimakon bi ta mashigin Suez, kuma man da aka ƙona a wannan doguwar hanya yana komawa ne kan fasinja ta wata fuska.

Duk wannan gaskiya ne, sai dai ga mutumin Kaduna ƙaramin ɓangare ne na labarin. Babban abin da ya sauya lissafi shi ne naira. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa farashin canji, dala tana kusan naira 460 a hukumance. Zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,500. Ke nan ɗakin da ake sayarwa dala 1,000, ko da kamfanin jirgin bai ƙara ko sisi ba, ya tashi daga naira 460,000 zuwa naira miliyan ɗaya da rabi. Bature yana kukan ƙarin kashi kaɗan, mu kuwa ninki uku muka gani, kuma ninkin ya shafi kowane abu da ke cikin tafiyar: tikitin jirgin sama, otal, biza, inshora, har da ruwan roba da za a saya a tasha.

A nan ne na fara auna kamfanin da nake magana a kai. Ofishinsu yana hawa na biyu na wani bene, ɗaki biyu ne tsaf, da na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki ko babu wutar gwamnati. Matashiyar da ta karɓe mu ta san jiragen da take sayarwa, ta buɗe mana taswirar hawa-hawan jirgin a kwamfuta, ta nuna mana bambancin ɗaki marar taga da mai taga da mai baranda, har ta ba mu shawarar mu guji ɗakunan da ke ƙarƙashin dandalin kiɗa da waɗanda ke can goshin jirgi, inda aka fi jin rangajin ruwa. Ta ce wa maiɗakina: “Hajiya, in kina jin tsoron jiri, ki zaɓi tsakiyar jirgi a hawan ƙasa-ƙasa, nan ne ya fi natsuwa.” Shawarar ta yi amfani. Amma takardar lissafin da ta miƙo mana layi uku kawai ta ƙunsa: kuɗin ɗaki, harajin tashoshi, da ladan kamfaninsu. Da na tambaye ta ko shi ke nan, sai ta ce: “Alhaji, ci da sha da kwana duk suna ciki, sauran ɗan abin kashewa ne kawai.” Wannan “ɗan abin kashewa” shi ne ya zama matsala. Kuɗin ɗaki a wannan harka tamkar sadaki ne a aurenmu: shi ake faɗa a bainar jama'a, amma lefe da kayan ɗaki da hidimar biki su ne ke cinye aljihu. A lissafin da na yi bayan dawowarmu, abin da aka rubuta a allon talla bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da muka kashe ba.

Na farko a cikin abubuwan da takardar ta tsallake shi ne isa bakin jirgin. Babu jirgin saman da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Basalona, dole sai an ya da zango a Istanbul ko Doha ko Faris ko Frankfurt, kuma tikitin mutum ɗaya zuwa da dawowa ya fi kuɗin ɗakinsa na mako guda a cikin jirgin ruwan. Kafin nan akwai tafiya daga Kaduna zuwa Abuja, ko ta jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu ko ta mota, kuma ba sau ɗaya ake yin ta ba, domin sai an je ba da hoton yatsu don biza kafin a koma ranar tashi. Sannan duk mai hankali yakan isa birnin da jirgin zai tashi kwana guda kafin ranar, saboda jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya yi latti, kuma wanda ya rasa shi ba a mayar masa da komai. Wannan yana nufin kwanan otal a ɗaya daga cikin biranen Turai masu tsadar masauki. Kamfanin ya san da waɗannan duka, shi ma ya saya mana tikitin daga baya a kan farashi mai kyau, amma bai haɗa su cikin lissafin farko ba, sai bayan mun riga mun biya kafin alƙalami.

Batun biza kuwa, a nan ne suka nuna ƙwarewa, kuma dole in ba su haƙƙinsu. Kuɗin bizar Schengen, wato bizar bai-ɗaya ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ya tashi daga Yuro 80 zuwa Yuro 90 a watan Yunin 2024, ban da abin da cibiyar karɓar takardu ke caja, kuma ba a mayar da shi idan aka hana mutum. Hanawar ma ba abin wasa ba ce, domin a shekarun baya-bayan nan fiye da kashi 40 cikin 100 na buƙatun da 'yan Najeriya ke shigarwa ana watsi da su. Jami'in da ke kula da wannan sashe, wani dattijo mai haƙuri da ma'aikatan ke kira Malam, ya zauna da mu ya bi takardunmu ɗaya bayan ɗaya. Ya duba bayanan asusun banki na watannin da ake buƙata, ya gargaɗe ni kada in zuba wani dunƙulen kuɗi a asusun dab da shigar da takardu, domin jami'an biza suna ɗaukar hakan a matsayin kuɗin aro. Ya tabbatar inshorar lafiyarmu ta kai Yuro 30,000 da doka ta gindaya, ya kuma duba cewa fasfo ɗinmu yana da sauran wata shida bayan ranar dawowa, kamar yadda kamfanonin jiragen ruwa ke nema. Ya kuma bayyana mana wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: idan hanyar jirgin ta haɗa da tashar da ba ta cikin yankin Schengen, kamar Tunis ko wata tashar Turkiyya, to bizar shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba, domin da jirgi ya fita ya dawo an shiga karo na biyu ke nan. Saboda haka ya karkatar da mu zuwa hanyar da duk tashoshinta ke cikin Sifaniya da Faransa da Italiya. Wanda fasfonsa ya kusa ƙarewa kuma ya sa a ransa cewa tun Satumban 2025 mai shafi 32 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 kuma naira 200,000.

Sai dai ko a nan akwai wani gurbi. Ofishin jakadanci yana son ganin shaidar cewa an kama ɗaki, kamfanin jirgin kuma yana da jadawalin tara ga wanda ya fasa, tarar da ke ƙaruwa yayin da ranar tashi ke matsowa har ta kai ga cinye kuɗin duka. Mafi arhar farashi yawanci shi ne wanda kafin alƙalaminsa ba ya dawowa. Ke nan ɗan Najeriyar da ya bi araha, aka kuma hana shi biza a ƙurarren lokaci, zai yi asara biyu. Wannan jadawali yana cikin sharuɗɗan da aka turo mana da Turanci a ƙananan haruffa, amma babu wanda ya karanta mana shi da baki sai da na nema. Da na nema, Malam ya yi bayani dalla-dalla ba tare da ɓoye komai ba, har ya ce ga wanda bai taɓa samun bizar Turai ba, ya fi kyau ya ƙara kuɗi ya ɗauki farashin da ake iya fasawa. Abin da na rasa gane shi ne dalilin da ya sa irin wannan magana ba ta zama ta farko da ake faɗa wa kowane mai shigowa ofishin ba.

Tsarinsu na biya kashi-kashi shi ne abin da ya fi jan mutane, kuma ya dace da yadda masu albashi da 'yan kasuwa ke samun kuɗi. Ana ba da kafin alƙalami, sannan a riƙa zubawa wata-wata har zuwa lokacin da kamfanin jirgin ya ƙayyade a kammala, wanda yawanci wata biyu zuwa uku ne kafin tashi. Amma lissafin da dala ake yin sa, biyan kuma da naira, a kan farashin canjin ranar da aka biya, kuma farashin da kamfanin ke amfani da shi yana ɗara na 'yan canji da wani abu. Wanda ya tsaya yana zuba naira yana ɗaukar haɗarin faɗuwarta a kowane wata. Wasu abokan tafiyarmu, wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kasuwar Shehu Abubakar Gumi da ƙawayenta, sun fi mu dabara: adashi suka kafa, kuma duk wadda ta kwasa sai ta mayar da kuɗin dala nan take ta zuba a asusunta na dala, daga can take biyan kamfanin. Da na tambayi matashiyar ofishin ko suna karɓar dala kai tsaye, ta ce suna karɓa, ba su dai cika faɗa ba sai an tambaya.

Cikin jirgin kansa, abin da aka yi alkawari an cika shi. Ɗakinmu marar taga ƙarami ne amma tsaf, ana gyara shi kullum, ɗakin abinci na ɗebi-da-kanka yana buɗe kusan duk yini, ga wasanni da dare ba tare da an biya komai ba. Sai dai daga ranar farko ake miƙa wa kowa wani kati wanda shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma jakar kuɗi, domin ba a taɓa tsabar kuɗi a ciki. Ana haɗa katin da na banki ko a ajiye tsaba a teburin karɓar baƙi, kuma daga nan komai sai dai a miƙa kati a wuce. Mutum ba ya jin zafin kashewa sai daren ƙarshe, lokacin da lissafi ya fito. A kan wannan kati ake ɗora kuɗin hidimar ma'aikata, wanda a manyan kamfanoni yake kamawa daga kusan dala 12 zuwa 20 a kan kowane mutum a kowace rana, ko ya nemi wata hidima ko bai nema ba. Ga ma'aurata a mako guda, wannan kaɗai yana iya kaiwa dala 200 ko fiye. Ba na ƙyashin kuɗin, domin na ga yadda ma'aikatan, waɗanda yawancinsu 'yan Filifins da Indonesiya da Indiya ne, suke aiki tun asuba har tsakar dare. Ƙorafina shi ne cewa adadi ne sananne tun kafin tashi, ana ma iya biyan sa tun daga gida, amma bai fito a takardarmu ba.

Haka abin yake game da abin sha. Ruwan famfo mai tsabta da shayi da gahawa na ɗakin abinci kyauta ne, amma lemun kwalba da ruwan roba da matsattsen lemu duk na kuɗi ne, kuma ana ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a kan kowane kofi a matsayin tukuici. Kamfanin namu ya so ya sayar mana da kunshin abin sha na mako, har an rubuta shi a takarda ta biyu, sai da na lura cewa wanda aka zaɓa mana ya haɗa da barasa, abin da ba mu da buƙatarsa ko kaɗan. Kuskure ne na kwafe tsarin da aka yi wa wasu, kuma sun gyara da ban haƙuri, amma kamfanin da ke zaune a Kaduna, wanda yawancin masu shiga ofishinsa Musulmi ne, bai kamata ya yi irin wannan ba. Akwai kunshi mai sauƙi na abin sha marar barasa, kuma ko shi ma sai mutum ya lissafa ko zai sha abin da ya kai kuɗinsa, tunda jirgin yakan yini a tasha, fasinja kuma yana cikin gari. A kula kuma cewa kamfanoni da yawa suna tilasta wa duk manyan da ke ɗaki ɗaya su sayi kunshi iri ɗaya. Mu dai mun bar shi gaba ɗaya, muka riƙe gorar ruwa muna cikawa.

Intanet ɗin jirgi ta tauraron ɗan'adam take zuwa, ana sayar da ita ne a kan kowace waya, kuma tana da tsada. Dabarar da kusan kowa ke yi ita ce sayen layin data na Turai, ko na kati ko wanda ake saukewa a waya, a yi amfani da shi idan an sauka a tasha, da dare kuma a rufe data. Wannan rufewar tana da muhimmanci, domin wayar da aka bari a buɗe a tsakiyar teku tana iya kama layin jirgin, wanda cajinsa ke cinye kuɗin waya cikin mintuna.

Inda mutum zai fi rage kashewa, kuma inda ejan mai kishin abokin cinikinsa zai fi amfani, shi ne fita yawo a tashoshi. Jirgin yana sayar da nasa rangadin da motoci da ɗan jagora, kuma ribarsa a nan babba ce. Daga Civitavecchia zuwa birnin Rum kusan kilomita 80 ne, kuma jirgin ƙasa na gama-gari yana kai mutum cikin awa ɗaya da 'yan mintuna a kan ƙasa da Yuro 10, alhali motar da jirgin ruwan ke shiryawa tana cin ninkin wannan sau da yawa. Mun bi jirgin ƙasan tare da Hajiyar Kasuwar Gumi da ayarinta, muka sauka a tashar San Pietro, muka taka da ƙafa. A Jenowa kuwa tsohon gari yana kusa da tasha, babu buƙatar mota sam. Abin da ake saya da tsadar rangadin jirgi shi ne tabbaci: idan motarsu ta makara, jirgi yana jiran ta, amma wanda ya fita da kansa ya makara, zai tarar an ɗage gada an tafi, kuma shi zai nemi hanyar cim ma jirgin a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Ana rufe shiga yawanci rabin awa kafin tashi. A ganina, a tashar da gari ke kusa mutum ya fita da kansa, a inda tafiyar ke da nisa kuma ya bar wa kansa tazarar awa biyu, ko ya biya ya huta. Kamfaninmu bai ba mu ko takarda ɗaya a kan wannan ba, daga fasinjoji muka koya.

Game da abinci da ibada, wanda shi ne abin da dattawanmu ke fara tambaya, amsar da ofishin ya bayar ita ce “akwai halal”, kuma wannan amsa ta yi faɗi da yawa. A jirgin da muka shiga, abin da ya tabbata shi ne kifi da ƙwai da ganyayyaki da shinkafa da taliya da 'ya'yan itatuwa suna da yawa, kuma ma'aikatan suna faɗin gaskiya idan aka tambaye su ko akwai naman alade ko giya a cikin miya. Naman da aka yanka bisa ƙa'ida kuwa sai an nema a rubuce makonni kafin tashi, kuma ejan ne ya kamata ya shigar da buƙatar. Namu bai shigar ba, don haka kifi muka yi ta ci, wanda ba laifi ba ne a Bahar Rum. Salla a ɗaki muke yi, da manhajar alƙibla a waya, tare da sanin cewa jirgi yana juyawa. Wanda wannan ɓangare ya fi damunsa yana iya tambayar jirgin AROYA na Saudiyya, wanda ya fara aiki daga Jidda a watan Disambar 2024, an kuma tsara shi ne bisa al'adun Larabawa, da abincin halal da wuraren salla.

Sauran hanyoyin da matafiya ke bi don rage nauyi ba su da wuyar ganewa, amma suna buƙatar a faɗa wa mutum su da wuri. Watannin Yuli da Agusta su ne mafi tsada a Bahar Rum, saboda hutun makarantun Turai, yayin da ƙarshen Oktoba da Nuwamba da farkon bazara suke da sauƙi sosai, ga ƙarancin cunkoso. Tsohon jirgi yana bin hanya ɗaya da sabo a kan kuɗi kaɗan. Mutum na uku da na huɗu a ɗaki ɗaya suna biyan ƙasa da na biyun farko, wasu kamfanonin ma sukan ɗauke wa yara kuɗin ɗaki su bar musu harajin tasha kawai, don haka iyali sun fi cin riba. Mai tafiya shi kaɗai kuwa shi ya fi shan wuya, domin ana lissafa ɗaki ne a kan mutum biyu, kuma sau da yawa sai ya biya kusan kuɗin duka biyun. Akwai kuma gajeren yawo na kwana uku ko huɗu, kamar wanda kamfanin MSC ke yi daga Durban ta Afirka ta Kudu zuwa tsibiran Mozambik tsakanin Nuwamba da Afrilu, sai dai ga mai tasowa daga Kaduna tikitin jirgin sama ba ya raguwa don kwanakin sun ragu, ga biza da katin rigakafin shawara da ake nema, don haka kuɗin kowace rana yana iya fin na mako guda. Yawon Karibiyan da ake yawan gani a talla yana bi ne ta Amurka, wadda kuɗin neman bizarta dala 185 ne, kuma ƙa'idojinta a kan 'yan Najeriya sun ƙara tsauri tun daga Yulin 2025.

Wani maƙwabcina a Malali, da ya ji jimillar abin da muka kashe, ya ce da wannan kuɗi ai gara Umara, ya kuma tuna mini cewa kujerar Hajjin 2025 ta haura naira miliyan 8. Maganarsa tana da nauyi, kuma ita ce ainihin gasar da wannan haja ke fuskanta a garinmu, domin aljihu ɗaya ne ake zarowa. Saboda haka ne ma nake ganin kamfanin yana cutar kansa da salon tallarsa. Wanda ya shigo saboda ƙaramin adadin da ke allo, ya fita da lissafin da ya ninka shi, ba zai turo ɗan'uwansa ba, ko da tafiyar ta yi masa daɗi kamar yadda ta yi mana.

Zan iya tura wani wurinsu, musamman wanda bai taɓa neman bizar Turai ba, domin a wannan fanni sun cancanci ladansu, kuma wayarsu ba ta taɓa rufewa ba duk tsawon tafiyar. Amma zan ce masa ya nemi shaidar rajistarsu da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da ta ƙungiyar kamfanonin shirya tafiye-tafiye ta ƙasa, NANTA, ya karɓi lambar kamun ɗaki ta kamfanin jirgin ya tabbatar da ita da kansa a intanet, kuma kada ya ba da ko naira ɗaya sai an rubuta masa a takarda guda kuɗin ɗaki, haraji, kuɗin hidima na kowace rana, tikitin jirgin sama, otal, biza, inshora, farashin canjin da za a yi amfani da shi, da abin da zai dawo masa idan aka hana shi biza. Bayan dawowarmu na kai wa manajan ofishin wannan jeri da hannuna. Ya karanta, ya ce: “Ranka ya daɗe, in muka rubuta duk wannan a allo, babu wanda zai hawo benen.” Ya dai yarda cewa duk wanda ya nema za a rubuta masa kafin ya biya kafin alƙalami.